Rabin Kitson Balkisu: Jinjina ga Inna Ajuma

Mai wannan rubutu tana neman afuwa tun kafin ta soma. Yarinya ce ƴar lise, wato babbar sakandare, ba ta taɓa rubuta wani abu ba sai aikin da aka ba ta a kilas, kuma ta san a Gaya akwai manya masu baki da alƙalami da suka fi ta sanin Inna Ajuma. Ta jira su rubuta, ba su rubuta ba. In an ga tuntuɓe a nan, na yarinyar ne, ba na matar da ake magana a kanta ba.

Ranar Lahadi, da gari ya waye, Inna Ajuma takan share gindin mangwaron da ke tsakar gidanta, can bayan tashar manyan motoci. Ta shimfiɗa tabarmar kaba, ta ajiye ƴar kujerarta, kwanon man kaɗe a dama, kibiya da mashaci a hagu. Ba ta aika kiran kowa. Kafin kokon da ta ɗora ya yi kauri, sai ka ji ƙananan sallama a zaure, ɗaya bayan ɗaya, wata da ƙanwarta a hannu, wata ita kaɗai. Kowace ta sha koko, ta zauna ta soma tsifa tana jiran layi ya zo kanta.

Sauran ranakun mako kitso sana'arta ce. Amare, matan ƴan kasuwa, matan direbobi, duk sun san hannunta. Amma Lahadi ba ta mai uwa ba ce. Lahadi ta yaran da suka rasa wadda za ta taɓa musu kai ce.

Abin ya samo asali ne tun shekaru da dama, wata Litinin da ta bi ta jikin katangar lakwal, wato makarantar firamare, ta ga yarinya tsaye ita kaɗai, ta dafe hijabinta da hannu biyu, sauran suna can suna gaɗa. Ta tsaya ta tambaye ta. Ashe tun rasuwar uwarta ba wanda ya tsefe mata kai, gashin ya dunƙule ya cure, yara sun gani sun sa mata suna. Kada wani ya ce ai hijabi yana rufewa. Da an fito shan iska an soma tsalle hijabi yakan zame, idon yara kuwa ya fi na ma'aikatan duwan masu binciken kaya a kan iyaka. Yarinyar nan ta riga ta yanke a ranta ba za ta sake zuwa lakwal ba. Inna Ajuma ta ce mata ta zo gida ran Lahadi. Ta zo. Lahadin da ta biyo baya ta zo da wata.

Inna Ajuma takan ce: "Mutanenmu suna da kirki. Ana tuna maraya da tuwo, ana tuna shi da riga ran salla. Kai ne ba a tunawa."

A garin da rabin mazansa suke bisa hanya, wasu Doso, wasu Yamai, wasu can gangaren teku, ba a rasa gidan da aka kawo wa labari maimakon mutum. Saboda haka gindin mangwaron nan bai taɓa zama babu kowa ba.

Wanda bai sani ba zai ce kitso ne kawai. Waɗanda suka zauna kusa sun san ba haka ba ne. Yarinya in ta ba ka baya, kanta a kan gwiwarka, ba ta ganin idonka, sai bakinta ya buɗe. A nan Inna Ajuma take jin wadda ba ta ci komai ba tun jiya, da wadda aka ce ta bar karatu ta riƙe jariri. Abin da baki bai faɗa ba, kan yakan faɗa. In ta ga makero ya soma cin fatar kai, Litinin da kanta take kai yarinyar asibiti. In ta ga gashin tsakiyar kai ya cinye, ta san gammo ne, ta san an ɗora wa yarinyar talla a lokacin da ya kamata tana bisa benci.

Ba a taɓa jin ta yi faɗa a gidan kowa ba. Tana da tata hanya. Sai ta jira matar gidan ta zo kitso, ko ta je har gida ta ce hannunta yana ƙaiƙayi, a kawo kai ta yi kyauta. Sai an yi nisa, an tsaga, an kama, sannan ta soma.

"Wai ɗiyar nan ta wajenki, ba ta zuwa lakwal kuma?"

"Inna, kin san halin da ake ciki."

"Na sani. Duƙa kaɗan. Talla da marece ba ta yiwuwa ne?"

"Wayyo Inna, a hankali!"

"Gashin ne da tauri. Mi kika ce?"

"Na ce za ta koma."

Matan unguwa har yau suna ba da wannan labari suna dariya, kowace ta ce ita ma an yi mata. Da irin wannan zama ne ta ɗaura wa gidaje da dama ranar tukunya: wannan gida su ƙara ludayi ran Talata saboda yaran wance, wancan gida ran Alhamis. Ba a rubuta ba, ba a yi taro ba, kuma ba ya tashi.

Mushe Halidu, wato Malam Halidu, wanda yake koyar da ƴan ajin ƙarshe a lakwal ɗin unguwar, ya ba mai rubutun nan shaida. Ya ce a taron iyaye na farko da ya yi a Gaya yana kiran sunan yaro uwa ko uba ya miƙe. Ya kira wata yarinya, wata dattijuwa ta miƙe. Ya kira wata, ta sake miƙewa. Da ta miƙe karo na gaba sai ya ce, "Inna, ke uwar wa ce a cikinsu?" Ta ce, "Ka dai ci gaba da kira, ɗana. Wadda ka kira ba a tashi ba, tawa ce." Ya ce tun ranar, in ya ga benci babu yarinya, kafin ya je gidansu gindin mangwaro yake fara zuwa.

Inna, ke ce uwar Lahadi. Ke ce wadda ta sa aka daina gane marainiya daga nesa a filin lakwal.

Sai dai abin da ya sa aka ɗauki alƙalami shi ne maganar Balkisu.

Balkisu ɗiyar marigayi Cha'ibu ce, direban babbar mota da ya rasu a hanyar Doso. Uwarta ta riƙe su ita da ƙanwarta Hamdiyya, har bara ciwo ya kwantar da ita, ita ma ta bi shi. Balkisu tana ajin ƙarshe a hannun Mushe Halidu, jarrabawar shiga kwalej, ƙaramar sakandare, tana gabanta. Hamdiyya kuwa a shekarar aka sa ta lakwal. Suka rage a ɗakin kakarsu ta wajen uwa, Bibata, wadda idonta ya yi rauni, tana gane mutum da murya.

Al'adarmu ce, in an yi sadakar arba'in dangi sukan zauna su raba nauyi, kuma nauyin nan yara ne. Ba mugunta ba ce. Kowa yana gudun a ce ya bar jininsa a hannun wasu. Dangin Cha'ibu suka zauna, suka ce ƙaramar ta tsaya wajen kaka tana ɗebe mata kewa, babbar kuma Gwaggo Zuhura, yayar Cha'ibu, ta tafi da ita Malanbil, ƙetaren kogi, inda take sayar da gari da albasa. Ba wanda ya ce Balkisu za ta bar karatu. Ba wanda kuma bai san za ta bari ba. Gwaggo Zuhura ita kaɗai ce a rumfa, ƙafarta tana kumbura, tana bukatar hannu.

Inna Ajuma ta ji maganar daga bakin Hamdiyya. Ta yi abin da ta saba: ta bi gidajen maƙwabta, ta samo wa ɗakin Bibata ranakun tukunya har mako ya cika, ta samu matar da za ta riƙa leƙa su safe da yamma. Sannan ta je wajen Gwaggo Zuhura ta ce ta zo ta yi mata kitso. Gwaggo Zuhura ta yi dariya.

"Ajuma, na ji labarinki tun ina ƙetare. Kaina ba ya shiga hannunki. Fofo, na gode."

Tafiya ta kama ran Lahadi. A lokacin gada a rufe take, sai a jirgin ruwa ake ƙetarewa, kuma masu jirgi ba sa son rana ta faɗi suna tsakiyar kogi. Da hantsi Inna Ajuma ta shiga gidan Bibata, kwanon man kaɗe a hannu. An riga an ɗaure kayan Balkisu a zane, jakar lakwal ɗinta kuma tana rataye a ƙusa, ba a sa ta cikin kayan ba.

"Zuhura, ba magana ta kawo ni ba. Amma ɗiyar Cha'ibu ba ta shiga garin mutane da kai haka. A ce daga Gaya ta hito? Da wane ido zan dubi matan Malanbil?"

Gwaggo Zuhura ta dubi kan yarinyar, ta ga gaskiya ne. Babu macen da za ta musa wannan.

"To, ki yi mata manya guda huɗu mu tahi."

"Manya? Na ƴan aiki? Zamna, Balkisu."

Inna Ajuma ta zaɓi ƙananan kitso, irin wanda ake yi wa amarya, sili-sili kamar zaren saƙa. Ba za a ɓoye ba, da niyya ta yi. So take rana ta yi nisa, ko Allah zai kawo wata ƙofa. Abin da ba ta faɗa wa kowa ba shi ne, tun damina yatsunta suke mata ciwo. Da safe sai ta tsoma su a ruwan ɗumi kafin su miƙe. Manyan kitso ma da dauriya take yinsu.

Ta soma daga gefen dama. Tana yi tana jin gaɓoɓin suna zafi kamar an zuba musu barkono, ba ta nuna ba. Aka kira azahar. Gwaggo Zuhura ta yi salla ta dawo ta tsaya a kansu.

"Ajuma, tabarma kike saƙawa ko kitso?"

"In an yi abu a yi shi."

"Na san abin da kike yi. Ko gobe kika gama, tahiya ba fashi."

Inna Ajuma ta ci gaba da kitsonta. Ta kai tsakiyar kai, ta ɗauki kibiya za ta tsaga na gaba, sai kibiyar ta faɗi ƙasa. Ta miƙa hannu ta ɗauka, yatsun suka ƙi. Sun lanƙwashe sun kafe, na dama da na hagu. Ta dube su kamar na wani. Wannan ba ya cikin shirinta. A ranta ba Balkisu ta fara tunawa ba, layin yaran da ta baro a gindin mangwaro ta tuna, da Lahadin da ke zuwa, da wadda ke bayanta. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta ji ba tun rasuwar mijinta.

"Wani sabon salo ke nan," in ji Gwaggo Zuhura. Ta kama hannun za ta miƙar da yatsun, ta ji yadda suka yi zafi suka kumbura, ta ga gumi a goshin Inna Ajuma. Sai ta saki a hankali. "Subhanallahi. Tun yaushe?"

"An jima."

Bibata daga bakin ƙofa tana tambaya, "Mi ya faru? Ku gaya mini mana."

Ga yarinya zaune, rabin kai kamar na amarya, rabi a tsefe yana tsaye. Ba a fita da ɗiya mace haka ko zuwa bakin rijiya, balle a shiga jirgi da ita cikin mutane. Tsefe ƙananan nan kuwa ya fi ƙarasawa cin lokaci. Gwaggo Zuhura ta yi tsaki, ta ɗaure zanenta.

"Tashi ki ba ni kujerar. Rabona da kitso tun ina budurwa, amma ban manta ba."

Inna Ajuma ta koma kan tabarma, hannuwanta a cinya. Gwaggo Zuhura ta ja kan Balkisu zuwa gwiwarta, ta soma kama manya-manya da sauri.

Balkisu ta ga ana sauri, ta san lokaci ya ƙure. Ba ta yi kuka ba. Ta kira Hamdiyya ta zaunar da ita a gabanta, ta rage murya. Wataƙila ta manta hannun wa ke kanta, domin mai kitso ba a ganinta.

"Ki ji da kyau. In za ki lakwal kada ki bi ta cikin tasha, motoci suna ja da baya ba sa ganin ƙanana. Ki bi ta bayan masallaci. Maganin idon Kaka, ɗigo ake yi, ba zubawa ba. In kin jiƙa tabarma ki fitar da ita da wuri ki shanya a bayan ɗaki, ba wanda zai sani. In an ce kowa ya zo da uwarsa, kada ki yi shiru kina kallon ƙasa, ki ce Inna Ajuma. Jakata na bar miki, amma kada ki yaga littafin lissafi, na Mushe ne, ki mayar masa ki ce na gode. Hamdiyya, kina ji na?"

Hamdiyya tana can tana jera ƙwallayen mangwaro a ƙasa. Ta ce, "Da marece za ki dawo?"

Inna Ajuma ba fuskar Gwaggo Zuhura take kallo ba, hannunta take kallo, domin hannu ta fi sani. Ta ga saurin ya ragu. Ta ga ta lakato man kaɗe ta shafa a tsagar, abin da mai gaggawa ba ta yi. Ta ga ta tsefe wanda ta kama ta sake kama shi da kyau. A nan Inna Ajuma ta yi abin da ya fi komai wuya ga mace mai magana a baki: ta yi shiru.

Aka kira la'asar. Gwaggo Zuhura ba ta ɗaga kai ba. Can sai ta ce, ba tare da ta dubi kowa ba:

"Ni ma haka na yi ma Cha'ibu, a bakin ruwa, ranar da aka tahi da ni. Ina ta bayani, shi yana wasa da gwangwani. Sai da ya yi gemu munka sake kwana gida ɗaya."

Ta ƙarasa na ƙarshe, ta goge hannu a zane. Ta juya wajen Inna Ajuma.

"Ajuma, wa zai ciyar da su? Tsohuwar nan ko wuta ba ta gani."

Inna Ajuma ta faɗa mata gidajen, ɗaya bayan ɗaya, da ranar kowane.

"Kuma a ce dangin uba sun yar da su."

"Wa zai ce? Ga kanta nan, kowa ya ga hannunki."

Gwaggo Zuhura ta dubi aikinta kusa da na Inna Ajuma, dariya ta kubce mata tana share ido da bakin mayafi. "Kai, wannan abin kunya. Kamar kunyar rogo kusa da ta shinkafa." Sai ta ɗaure fuska. "Na bar ta zuwa jarrabawa. In ta faɗi, ina zuwa in ɗauke ta, kuma ko yatsun ƙafarki suka kafe ba ruwana."

"In ta ci fa?"

"In ta ci mu sake zama."

Ta kwance ƙullin kayan Balkisu da hannunta, ta ɗauki nata, ta yi wa Bibata sallama. Ita kaɗai ta shiga jirgin ƙarshe, da ƙafarta mai kumburi, ta koma rumfar da babu mai taimaka mata. Wannan ma a rubuta mata shi.

Litinin Balkisu ta tafi lakwal da kai iri biyu. Hijabi ya zame, yara suka yi dariya har da faɗuwa. Wata maƙwabciya ta ce ta zo ta gyara mata, ta ƙi. Ta bar shi har ya tsufa da kansa. Jarrabawa ta zo ta ci, yanzu tana kwalej, kuma kowace safiya ita take raka Hamdiyya har ƙofar lakwal kafin ta wuce. An sake zama kamar yadda aka ce. Gwaggo Zuhura ta ce a bar ta ta ci gaba, sai dai duk babban hutu a aika mata su biyun tare. Masu jirgi kuma sun saba da ƙullin gari da busasshen kifi da ake ba su a kai ɗakin Bibata.

Hannun Inna Ajuma bai koma daidai ba. An je asibiti, an sha magani, yana riƙe kofi, yana jan tasbaha, amma ba ya kama gashi. Rabin kan Balkisu shi ne kitsonta na ƙarshe. Har yau akwai masu cewa dabara ce ta yi a ranar. In an tambaye ta sai ta ɗaga hannuwan ta ce, "To ku gaya musu dabarar ta ƙare, su miƙe."

Inna, mun gode. Ke ce kika zauna a kujerar da mutuwa ta bari babu kowa, ba ki taɓa cewa ke ce mai kujerar ba. Ba ki raba yaro da danginsa ba, dangin kika jawo suka zauna. Allah ya sassauta miki ciwon nan, ya sa abin da yatsun nan suka yi ya tsaya miki ranar da ba mai tsaya wa wani.

Ku kuma iyayenmu da yayyenmu na Gaya, da na Yelu, da na Jinju, da duk inda wannan ya kai: ba kowa ne zai gina gidan marayu ba, kuma yawancin yaran nan ba gida suka rasa ba. A layinku akwai yarinyar da ba a taɓa kanta ba tun ranar zaman makoki. Akwai yaron da za a kira sunansa a taron iyaye ba mai tashi. Ku leƙa. Wadda ta iya kitso ta yi kitso, wanda ya iya aski ya yi aski, mai tukunya ta ƙara ludayi.

Lahadin da ta wuce mai rubutun nan ta je gidan, da niyyar ta faɗa wa Inna godiyar nan baki da baki. Ta tarar da kujeru uku a gindin mangwaro maimakon ɗaya. Matan unguwa ne a kai, kowace da yarinya a gabanta, Inna Ajuma tana tsakiya bisa tabarma tana aiki da baki.

"Sa'adatu, wannan tsaga ce ko hanyar shanu? Sake. Ke kuma Salma, bar surutu. In kina magana yaushe za ki ji abin da ɗiyar ke cewa?"

Aka yi dariya, sai wuri ya yi tsit. Can wata ƴar ƙarama da ke duƙe a gwiwar Salma ta soma magana ƙasa-ƙasa. Inna Ajuma ta karkata kunne. Mai rubutun nan tana tsaye a bakin zaure, ko sallama ba ta yi ba. Ta ga ba lokacin tata maganar ba ne. Ta ja da baya a hankali, ta bi jikin bango ta fita, ba wanda ya ɗago.